Yadda Ake Nazarin Babbar Ƙadandoniyar Kurmi, Daga Nemo Ta Zuwa Mayar da Ita

Idan ruwan farko ya sauka a ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, ƙasa ta jiƙa ta fara ƙamshi, ƙadandoniya tana cikin halittun da suke fara fitowa fili. Za a gan ta tana tsallaka hanyar gona da sassafe, ko tana hawa gindin mangwaro da yamma, baƙa wuluk ko mai jaja-jaja, tana tafiya a hankali kamar ba ta da abin tsoro. Yawancinmu mukan tsallake ta mu wuce, wasu kuma su take ta saboda suna zaton tana cizo. Wannan jagora an rubuta ta ne domin ɗalibi, da malamin kimiyya da yake son ya nuna wa ɗalibansa halitta mai rai maimakon zane a allo, da manomin da yake son ya san ko wannan halitta abokiyar aikinsa ce ko maɓarnaciya. Abu biyu ne suke juya rayuwar ƙadandoniya gaba ɗaya, wato danshi da ruɓaɓɓen ganye, kuma duk matakan da za su biyo baya a kan waɗannan biyun aka gina su.

Mataki na farko: ka tabbatar ƙadandoniya ce ba shanshani ba

Wannan shi ne matakin da bai kamata a yi gaggawa a kansa ba, domin kuskure a nan yana iya jawo ciwo. Shanshani jikinsa a shimfiɗe yake, ƙafafunsa dogaye ne suna fitowa ta gefe, kowace gaɓa tana da ƙafa biyu kacal, yana gudu da sauri, kuma a ƙarƙashin kansa akwai ƙugiyoyi biyu masu dafi da yake kama ƙwari da su. Cizonsa yana da zafi sosai. Ita kuwa babbar ƙadandoniya jikinta a mulmule yake kamar bututu, ƙafafunta gajeru ne suna ƙarƙashin jiki, yawancin zobban jikinta suna ɗauke da ƙafa huɗu-huɗu, ba ta da ƙugiyar dafi, kuma bakinta na tauna ganye ne ba na farauta ba. Idan ka taɓa ta da kara, sai ta naɗe kamar gammo, kanta a tsakiya, ƙafafu a ɓoye. Wannan naɗewar ce ta sa mutanen kudancin Afirka suke kiranta shongololo, daga kalmarsu mai ma'anar naɗewa.

Masana sun sanya dukkan ire-irenta a rukuni ɗaya mai suna Diplopoda, ma'ana masu ƙafafu ninki biyu, kuma an bayyana nau'o'i fiye da 12,000 a duniya. A yankinmu za ka fi haɗuwa da iri uku. Akwai manya masu santsin jiki na dangin Spirostreptidae, waɗanda su ne abin da wannan jagora ta fi mayar da hankali a kai. Akwai sirara na dangin Odontopygidae, wanda a Afirka kaɗai ake samunsa, kuma ana gane su da 'yan ƙayoyi biyu a ƙarshen jiki, da kuma yadda sau da yawa suke birgima suna murɗewa kamar maciji idan an taɓa su maimakon su naɗe. Sai kuma ƙanana masu faffaɗan baya, masu zobba kimanin 20, marasa idanu, waɗanda 'ya'yan wasunsu suke tafiya a dunƙule ɗaruruwa a bakin hanya da damina.

Mataki na biyu: ka zaɓi lokaci da wuri

Fatar ƙadandoniya tana da tauri, amma ba ta da wadataccen maiƙon nan da yake hana jikin ƙwari irin su fara da kyankyaso bushewa, kuma ƙananan ƙofofin numfashinta da suke kusa da gindin ƙafafu ba sa rufuwa sosai. Saboda haka ruwan jikinta yana ƙafewa da sauri idan iska ta bushe. Da rani takan nutse cikin ƙasa, ko ta shige cikin suri, ko ƙarƙashin babban kututture, ta naɗe ta rage motsi har tsawon watanni, ba za ta fito ba sai ƙasa ta jiƙa. Wanda ya fita nemanta a lokacin hunturu zai sha wahala a banza. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga farkon damina zuwa watan Satumba, musamman washegarin ranar da aka yi ruwa mai yawa, da sassafe kafin rana ta ɗaga, ko da magariba zuwa bayan isha'i.

Wurin da za ka nufa shi ne inda ganye yake taruwa ya ruɓe ba tare da an share ko an ƙone shi ba. Kurmin bakin rafi ya fi ko'ina, irin wanda ake gani a gefen kogin Gaji a Yankari, ko a dazukan kudancin Kaduna, ko a Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa. Amma ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Tsohon lambun mangwaro, da gindin ɗorawa ko ɓaure ko tsamiya, da bayan katangar makaranta inda ake zuba shara ta ganye, duk wurare ne da ake dacewa. Ni a ganina wuri na kusa ya fi amfani ga mai nazari, domin zai iya komawa sau goma a damina ɗaya, kuma komawar ce take koyar da mutum abin da ziyara ɗaya ba za ta nuna masa ba. Idan gandun daji na gwamnati ne, sai da izinin masu kula da shi, kuma a can kallo kawai ake yi, ba a ɗauko komai.

Mataki na uku: kayan aiki da kiyaye kai

Kana buƙatar tocila, da sanda mai ƙarfi, da rufaffen takalmi, da safar hannu ko leda mai kauri, da rula, da littafin rubutu, da wayar ɗaukar hoto, da roba mai murfi wadda aka huda. Gilashin ƙara girman abu yana da amfani idan akwai shi.

Haɗarin wannan aiki ba daga ƙadandoniya yake zuwa ba, daga maƙwabtanta ne. Inuwa da danshin da suka jawo ta su ne suke jawo kunama da shanshani da kububuwa da kasa. Kada ka taɓa cusa hannu a ƙarƙashin kututture ko dutse. Ka sa sanda ka mirgino shi ta yadda zai buɗe ta ɓangaren da yake nesa da ƙafafunka, ka tsaya ka duba da kyau, sannan ka sunkuya. Idan ka gama, ka mayar da kututturen yadda ka same shi, domin danshin da ke ƙarƙashinsa ya ɗauki watanni yana taruwa, kuma akwai ƙwai da ƙananan halittu da rana za ta kashe a yini ɗaya idan ka bar shi a buɗe.

Mataki na huɗu: ka kalle ta kafin ka taɓa ta

Da zarar ka ɗauke ta, duk abin da take yi ya tsaya, saboda haka ka ba ta aƙalla minti 15 kana kallo kawai. Ka fara da tafiyarta. Ƙafafun ba sa motsi lokaci ɗaya, kowace ƙafa tana ɗagawa jim kaɗan bayan ta kusa da ita, sai a ga kamar igiyar ruwa tana bin jikin daga baya zuwa gaba. A kowane lokaci yawancin ƙafafun suna ƙasa suna turawa, shi ya sa ba ta da sauri amma tana da ƙarfin gaske. Halittarta ta turawa ce. Zoben farko da ke bayan kanta faffaɗa ne kamar garkuwa, takan sunkuyar da kai ta sa shi a gaba, ƙafafu ɗari biyu da wani abu su tura, ta ratsa ƙasa ko ruɓaɓɓen itace.

Sannan ka lura da 'yan ƙahonni biyu masu laushi da ke kanta, waɗanda take ta bubbuga ƙasa da su ba hutawa. Da su take shinshina, take ɗanɗano, take gane danshi. Tana da idanu, tarin ƙananan ɗigo a kowane gefen kai, amma abin da suke iya yi bai wuce bambance haske da duhu ba. Idan ka haska ta da tocila kai tsaye za ta juya ta nemi mafaka, don haka ka karkatar da hasken gefe, ko ka rufe bakin tocilar da jar leda.

Ka duba abin da take ci. Ba kasafai take damuwa da ganyen da ya faɗo jiya ba. Ta fi son wanda ya yi baƙi ya yi laushi, wanda funfuna da ƙananan ƙwayoyin halitta suka riga suka fara narkarwa, da ruɓaɓɓen itacen da yake marmashewa a hannu, da 'ya'yan itacen da suka faɗo suka fara lalacewa. Takan haɗa da ƙasa ma. Abin da jikinta yake amfana da shi daga wannan abinci kaɗan ne, mafi yawa yana fitowa a matsayin kashi, 'yan dunƙule-dunƙule baƙaƙe masu siffar ƙwayar hatsi. A nan ne amfaninta ga kurmi yake. Ganye guda da zai daɗe a kwance ta mayar da shi ɗaruruwan gutsattsari masu danshi, waɗanda ƙwayoyin halittar ƙasa suke saurin ƙarasawa, sai abincin da ke cikin ganyen ya koma ƙasa saiwoyi su sake ɗauka. Idan ka tona gindin tsohon itace a kurmi ka ga baƙar ƙasa mai marmashi, wani kaso nata ya bi ta cikin ƙadandoniya.

Mataki na biyar: yadda ake ɗaukarta

Hanya mafi kyau ita ce ka shimfiɗa hannunka mai safa a gabanta ka bar ta ta hau da kanta, ko ka kwaso ta tare da ganyen da take kai. Kada ka fizge ta daga jikin itace, domin ƙananan faratan ƙafafunta suna riƙe da ƙarfi, kuma ƙafa tana iya tsinkewa. Ka riƙe ta kusa da ƙasa. Fatarta tana da sinadarin alli mai yawa, wanda ya sa take da tauri amma kuma take iya tsagewa kamar ɓawon ƙwai, kuma babbar ƙadandoniyar da ta faɗo daga tsayin ƙirjin mutum a kan siminti da wuya ta rayu. Kada kuma ka warware ta da ƙarfi idan ta naɗe. Ka ajiye ta a inuwa, za ta warware da kanta.

Idan ta ji an matsa mata, za ta fitar da wani ruwa rawaya ko ruwan ƙasa mai warin magani daga ƙananan ƙofofi da suke jere a gefen jikinta, biyu a kusan kowane zobe, suna farawa daga zobe na biyar ko na shida. A manyan nan masu mulmulallen jiki, sinadarin da ke cikin ruwan shi ne wanda masana suke kira benzokwinon. Yana rina fata ta yi ja-ja ko ruwan ƙasa har kwanaki, kuma yana iya yin raɗaɗi ko ƙuna a fata mai laushi. Ƙananan nan masu faffaɗan baya kuwa da yawansu sinadarin sayanayid suke fitarwa, ɗan kaɗan ne da ba zai cutar da babban mutum ta fata ba, amma ya isa ya kashe wasu ƙwari idan an rufe su tare a kwalba, don haka kada ka haɗa iri biyun a roba ɗaya. Ka wanke hannu da sabulu da ruwa bayan kowace taɓawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ido. Idan ruwan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa na tsawon minti 15 zuwa 20, sannan a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Yara ƙanana a bar su su kalla, kada su riƙe, domin hannunsu ba ya nisa da ido da baki.

Wannan ruwa yana korar yawancin masu farauta, amma ba duka ba. Jibda tana cin ƙadandoniya sosai, har akan ga zobbanta a cikin kashin jibda. Bushiya da wasu tsuntsaye ma suna ci. A Madagaska an ga dabbobin nan masu kama da biri da ake kira lemur suna ɗan cizon ƙadandoniya don ta fitar da ruwan, sannan su goga shi a gashin jikinsu, haka ma wasu birai a Benezuwela, kuma masu bincike suna ganin ruwan yana kore musu sauro da sauran ƙwari.

Wataƙila ka ga wasu ƙananan halittu masu kama da kaska suna yawo da sauri a tsakanin ƙafafunta. Yawancin masu yawon nan ba jini suke sha ba, zaune suke a jikinta suna cin 'yan tarkacen da suka maƙale, kuma ba sa komawa jikin mutum.

Mataki na shida: awo, ƙidaya, da gane namiji da mace

Ka bar ta ta miƙe tana tafiya a gefen rula, ka ɗauki hoto daga sama da kuma daga gefe. Kada ka ja ta don ta miƙe. Mafi tsawo da aka fi sani ita ce Archispirostreptus gigas ta gabashin Afirka, daga Kenya zuwa Mozambik, wadda take kai santimita 30 har ta ɗan wuce. Narceus americanus ta dazukan gabashin Amurka, wadda ake ganinta babba a can, tana tsayawa ne a wajen santimita 10.

Ƙidayar ƙafafu a kan halitta mai motsi ɓata lokaci ne. A hoton da ka ɗauka, ka ƙirga zobba daga faffaɗan zoben bayan kai zuwa na ƙarshe mai ƙafafu, ban da zoben wutsiya. Ka ninka adadin sau 4, ka cire 10. Dalilin cirewar shi ne zobba huɗun farko gaba ɗayansu ƙafa 6 kawai suke ɗauke da su maimakon 16. Mai zobba 60 ke nan tana da ƙafafu kimanin 230. Sunan da Turawa suka ba ta yana nufin mai ƙafa dubu, amma sai a shekarar 2021 aka bayyana nau'in farko da ya haura dubu, wato Eumillipes persephone mai ƙafafu 1,306, siririya kamar zare, wadda aka samo a ramin binciken ma'adinai mai zurfin mita 60 a yammacin Ostareliya. Kafin ita, Illacme plenipes ta Kalifoniya mai ƙafafu 750 ce take kan gaba. Manyan da muke gani a kurmi ba sa kusantar waɗannan adadi, girman zobba ne ya sa suka yi tsawo.

Don gane jinsi, ka sa ta a cikin kwalba ko roba mai haske, ka duba cikinta daga ƙasa yayin da take tafiya. Ka ƙirga zuwa zobe na bakwai. A balagaggen namiji za ka ga giɓi a wurin, kamar ƙafafun sun ɓace, domin sun rikiɗe sun zama gaɓoɓin barbara waɗanda suke ɓoye a cikin jiki. A mace ƙafafun suna jere ba giɓi. Idan namiji ne, sai ka ƙara cire 4 daga lissafin ƙafafun. Siffar waɗannan gaɓoɓi ita ce masana suke dogara da ita wajen tantance nau'i, shi ya sa launi da girma kaɗai ba sa isa a ba ƙadandoniya cikakken suna. Ka wadatu da rubuta dangi a littafinka, tare da rana, da wuri, da irin itacen da ka same ta a gindinsa, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe.

Mataki na bakwai: ajiye ta na 'yan makonni don nazari

Ka nemi babbar roba ko bokiti mai murfi, wanda faɗinsa ya kai ninki biyu na tsawon ƙadandoniyar. Ka huda murfin da ƙusa wurare da dama, ka tabbatar yana kamawa sosai, domin halittar da take ture ƙasa da kai ba za ta kasa ɗaga sakakken murfi ba. Ka zuba ƙasa mai zurfin da ya kai tsawon jikinta, kuma ƙasar ta kasance daga inda ka same ta, a cakuɗa da ruɓaɓɓen ganye da marmashin ruɓaɓɓen itace kusan rabi da rabi, sannan a rufe samanta da wani ganyen. Wannan cakuɗin shi ne ɗakinta kuma shi ne abincinta, don haka a nan ne ya kamata a kashe mafi yawan ƙoƙari. Kada ka ɗebo ƙasar gonar da aka yi wa feshi ko aka zuba wa takin zamani. Ka guji ganyen dogon yaro, domin yana ɗauke da sinadarin da aka san yana hana ƙwari yin saɓa, haka ma ganyen turare mai yawan mai.

Danshin da ake so shi ne wanda idan ka damƙi ƙasar za ta dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba. Ka riƙa yayyafa ruwa a gefe ɗaya na robar ka bar ɗaya gefen ya ɗan sha iska, ita za ta zaɓi inda ya yi mata. Ruwan da ya kwanta a gindin roba yana kashe ta kamar yadda bushewa take kashe ta, tunda ta ƙarƙashin jiki take numfashi. Ka ajiye robar a ɗaki mai sanyi inda rana ba ta kaiwa, nesa da maganin sauro na fesawa ko na kunnawa, ka ɗora ta a kan abin da tururuwa ba za su hau ba. Sau biyu a mako ka sa ɗan yankan kokwamba ko kabewa ko nunanniyar ayaba, ka cire ragowar washegari kafin ƙudaje su taru. Ka barbaɗa dakakken ɓawon ƙwai da aka wanke aka shanya, domin tana buƙatar sinadarin alli don gina fata.

Wata rana za ka duba ka rasa ta a sama, kwana uku, mako ɗaya, har fiye. A nan ne masu ajiye ta suka fi yin kuskure, su sa hannu su tona don su ga ko tana raye. Mai yiwuwa saɓa take yi. Takan gina ɗan ɗaki a cikin ƙasa, ta naɗe a ciki, tsohuwar fatar ta tsage daga wajen kai ta zare jikinta, kuma sabuwar fatar tana da laushi ƙwarai har sai ta yi kwanaki tana tauri. Taɓawa kaɗan a wannan hali tana iya nakasa ta ko ta kashe ta. Sau da yawa takan cinye tsohuwar fatar don ta maido da allin da ke ciki. Ka ci gaba da yayyafa ruwa, ka bar ƙasar yadda take.

Idan ka haɗa namiji da mace, kana iya ganin barbara. Ƙofar haihuwa a jinsin biyu tana gaba ne, kusa da kai, a bayan ƙafafu na biyu, ba a wutsiya ba. Namiji yakan lanƙwasa ɓangaren gaba na jikinsa ya ɗora maniyyi a kan gaɓoɓin nan na zobe na bakwai, ya bi bayan macen ya hau, ya naɗe ta, su haɗa ciki da ciki. Macen tana zuba ƙwai a cikin ƙasa, kuma a yawancin manyan nau'o'i tana lulluɓe kowane ƙwai da ƙasa da kashinta, har ya yi kama da dunƙulen kashi na yau da kullum. Saboda haka kada ka zubar da tsohuwar ƙasar robar a shara. Ɗan da ya ƙyanƙyashe fari ne, ɗan mitsitsi, mai zobba kaɗan da ƙafafu 6 kacal, kuma a kowace saɓa yana ƙara zobba da ƙafafu. Yana ɗaukar shekaru kafin ya balaga, kuma manyan nau'o'i suna rayuwa shekara 5 zuwa 7, wasu har 10 a hannun masu kiwo. Babbar ƙadandoniyar da take tsallaka hanya ta ga damina da yawa kafin ta kai wannan girma.

Zuriyarta ma tsohuwa ce ƙwarai. Burbushin wata ƙadandoniya da aka samu a dutse a Sikotilan, mai shekaru fiye da miliyan 400, yana cikin tsofaffin shaidun dabbar da take shaƙar iska a doron ƙasa, kuma wata danginta mai suna Arthropleura, wadda ta rayu fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce, ta kai tsawon mita biyu da rabi.

Mataki na takwas: idan a gona ka same ta

Ba daidai ba ne a ce ƙadandoniya ba ta ɓarna. A yankin Sahel, daga Senegal zuwa Mali da Nijar da arewacin Nijeriya, an san wasu nau'o'i, musamman sirara na dangin Odontopygidae, suna cin irin gero da gyaɗa da aka shuka, da tsiro mai laushi, suna kuma huda kwanson gyaɗa tun yana ɗanye. Hudar tana buɗe hanya ga funfunar da take haifar da gubar afalatoksin. Ɓarnar ta fi yawa a farkon damina, lokacin da suka fito da yunwa da ƙishirwa suka tarar da gona a share tas, babu abin ci sai shuka, da kuma lokacin da ruwa ya ɗauke, inda suke neman danshi a cikin kwanso da saiwa.

Kafin ka ɗora mata laifi, ka fita da tocila da dare ka gani da idonka, domin gara da tsutsar ƙasa suna yin irin wannan ɓarna, ita kuma ta zo daga baya ta ci abin da ya riga ya ruɓe. Idan ka tabbatar ita ce, ka tara ciyawa mai danshi ko ɓawon rogo ko na kabewa tsibi-tsibi a gefen kunya da yamma, ka rufe da tsohon buhu, da safe ka ɗaga ka kwashe waɗanda suka taru ka kai su kurmi ko juji mai nisa da gona. Gyaɗar da aka huda a ware ta tun wajen tsinka, kada a haɗa ta da mai kyau a buhu.

Mataki na tara: mayar da ita

Mako huɗu zuwa shida sun isa a ga ci, da tafiya, da haƙa, wataƙila har da saɓa. Ka mayar da ita tun damina ba ta ƙare ba, domin tana buƙatar lokacin da za ta ƙoshi ta kuma haƙa wurin da za ta yi rani kafin ƙasa ta yi tauri. Ka kai ta daidai gindin itacen da ka ɗauko ta, ba wani kurmi dabam ba, saboda nau'o'i da yawa ba sa wuce ɗan ƙaramin yankin da suke, kuma halitta mai tafiya a hankali irin wannan ba ta iya komawa gida da kanta. Ka je da magariba, ka juye ƙasar robar gaba ɗaya a wurin tare da duk ƙwan da yake iya kasancewa a ciki, ka yayyafa mata ruwa, ka rufe da ganye, sannan ka rubuta ranar a littafinka domin ka dawo wurin bayan ruwan farko na baɗi ka duba ko akwai ƙanana farare a ƙarƙashin ganyen.